Oben da murhun gas na jikin kabinet: abin da ya faru a kicin ɗin Yaya

Gidan da wannan lamari ya faru na yayata ne, a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka tashi bayan Rijiyar Zaki a Kano. Mutum tara ake ɗora wa tukunya kullum, ban da baƙi da almajirin gida, kuma tuwo ba ya fashi da daddare. Bayan girkin gida, Yaya tana karɓar aikin kek da mitfai na biki da suna. Ni ne autansu, kuma da yake lantarki na karanta, duk abin da ya shafi waya a dangi ni ake kira, galibi bayan ya riga ya ƙone. Wannan karon an kira ni da sauran dama, amma ba da wuri ba.

Shekara goma sha ɗaya tana fama da kukar girki da aka yi mata jere da ita, mai tsayuwa, kai huɗu a sama, oben na gas a ƙasa. Kai biyu sun toshe, ƙofar oben sai an tokare ta da kujera 'yar tsugunno, wutar ƙasa kuma tana ƙona gindin kek alhali samansa bai nuna ba. Dabararta ita ce ta shimfiɗa yashi a faranti ta tura ƙasan oben, kamar yadda iyayenmu suke gashi a tukunya. Da maigidanta ya tashi gyaran gida a ƙarshen 2024, ta ce ita dai wannan karon irin wanda ake nutsawa take so: murhu ya kwanta daidai da dutsen dakalin kicin, oben ya shige cikin katako, babu lungun da maiƙo zai maƙale, babu mafakar kyankyasai.

Ranar da na je, ga abin da na tarar. Dakalin kicin na kankare ne da rodi a ciki, an zuba shi a kan ginshiƙan bulo tun lokacin ginin gida, an shimfiɗa giranait a kai. Kafinta ya riga ya gama ƙofofin ƙasa da wani dogon kabinet a gefe, ya bar ramin oben, alhali ba a sayi oben ɗin ba, ba a ma san wanne za a saya ba. Wutar gidan layi ɗaya ce. Akwai janareto mai kVA 3.5, da ƙaramar inbata mai batir biyu da ke riƙe fitilu da fanka da talabijin. Silindar gas biyu ce, kowace kilo 12.5.

Abin da na kasa fahimtar da mutanen gidan a ranar, ni ma kuma sai daga baya na gane zurfinsa, shi ne bambancin waɗannan kaya da kukar da suka saba. Kuka mai tsayuwa kamfani ya gama ƙera ta: tana da jikinta, da ƙafafunta, da hanyar shan iskarta, kai dai ka jona tiyo ka ƙyasta ashana. Na jikin kabinet kuwa rabinsa aka sayar maka. Sauran rabin a gidanka za a ƙera shi, kuma ma'aikatan wannan masana'anta su ne kafintanka, da mai yankan giranait, da mai wayarin, da mai haɗa gas, mutum huɗu da ba lallai su taɓa haɗuwa ba.

Zaɓin murhu

'Yarta ta fari ce ta kawo maganar murhun maganaɗisu, wanda ake ce wa indokshan, baƙin gilashi sumul babu harshen wuta. Ban yi musu da ita ba. Cewa na yi ta ciro maganaɗisun da ke manne a ƙofar firji ta bi gindin tukwanen gidan ɗaya bayan ɗaya, domin irin wannan murhu ba ya zafafa tukunyar da maganaɗisu bai kama ba. Cikin tukwane ashirin da wani abu, uku ne suka kama. Sauran na dalma ne, wasu ma gindinsu zagaye. Ga kuma lissafin wuta: mai kai huɗu yakan ja kilowat 7 da ɗoriya in an kunna duka, wato sama da amfiya 30, abin da janareton gidan ko rabinsa ba zai ɗauka ba. Sannan ba mu daɗe da fitowa daga duhun watan Oktoban 2024 ba, lokacin da akasarin jihohin arewa suka yi fiye da mako guda babu wuta bayan an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da aka koma dogaro da shi kuma ya samu matsala. Maigidan ya kashe maganar da cewa da abincin gidansa a wuyan wuta ya rataya a makon nan, da azumin dole aka yi.

Aka tsaya kan gas. Saura na gilashi ko na ƙarfe, mai faɗin santimita 60 ko 90.

A nan Yaya ta yi abin da ni ban yi tunaninsa ba. Ranar da za mu Sabon Gari ta sa aka saka mata tukunyar da take dafa shinkafar gida a bayan mota, ta shiga shago da ita a hannu. Yaron shagon har da dariya a ɓoye. Ta ɗora ta a kan mai faɗin 60, tukunyar ta rufe kai biyu, gefenta ya leƙo saman maɓallan kunnawa. A kan mai faɗin 90 mai kai biyar, wanda babban kansa yake tsakiya, ta zauna daram, amma ta takura sauran huɗun ta yadda ko ƙaramar tukunyar miya ba za ta zauna daidai ba. Sai a shago na uku muka samu wanda babban kan yake can gefen hagu shi kaɗai, sauran huɗun suna dama. Shi ta nuna.

Mai shagon ya so ya tura mana na gilashi, ya fi kyau a ido, ya fi kuma tsada. Gilashin da ake yi da shi mai ƙwari ne, ba na musun haka. Amma tukunya mai faɗi da ta zarce kan murhu tana mayar da zafi ƙasa, ga nauyinta, ga matsi in ana juya abu mai kauri, kuma irin wannan gilashi in ya tashi fashewa ba ya tsagewa, rugurgujewa yake yi gaba ɗaya. Muka ɗauki na farin ƙarfe mai matokaran baƙin ƙarfe na zubi, masu nauyi, waɗanda ba sa zamewa.

Sharaɗina ɗaya ne a kan murhun, ya kasance yana da mai gadin wuta. Gane shi ba wuya. A gefen kowane kai akwai farin tsinke mai ƙyasta wuta. In akwai tsinke na biyu na ƙarfe a kusa da shi, shi ne mai gadin. Muddin harshen wuta yana dukansa gas zai ci gaba da fita, in miya ta tafaso ta kashe wutar ko iska ta hure ta, da ya huce sai ya datse gas ɗin. Shi ya sa sai an danne maɓallin na 'yan daƙiƙu bayan wuta ta kama. A gidan da yara ke shiga kicin, ga iskar hunturu, ƙarin kuɗin da aka biya a kansa bai dame ni ba ko kaɗan.

Inda muka saɓa da Yaya

A kan oben ne. Ni na gas na so, saboda dalilin da ya sa muka guji indokshan. Ita kuma ta kafe kan na lantarki mai fanka.

"Auta, shekara goma sha ɗaya ina kankare gindin kek da wuƙa kafin na kai wa mutane. Kai ba ka taɓa tsayawa gaban uwar amarya tana juya kek ɗinka tana kallon ƙasansa ba."

Hujjarta ta fi tawa ƙarfi a ɓangaren gashi. Oben mai fanka yana da elemen zagaye, wato ƙarfen da wutar lantarki ke zafafawa, a bango na baya, fankar tana watsa zafin ko'ina, har a jera faranti biyu ko uku su nuna kusan tare. Ta kuma lura da abin da ni ban sani ba, cewa wutar unguwarsu ta fi zama da daddare, ita kuma dama bayan isha'i ko kafin asuba take gashi. Maganar kuɗin wuta ma da muka lissafa ba ta kai yadda ake tsoro ba. Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga farashin rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta, mutane suka tsorata da duk wani abu mai elemen. Gidan Yaya a rukunin C yake, mai alkawarin awa 12 a rana, kuma ko da farashin rukunin A ɗin aka yi lissafi, gashin awa guda da ke cin yunit ɗaya da rabi zuwa biyu bai wuce naira 450 ba. Inda lissafin yake ɓaci shi ne ranar da aka koma kan janareto, domin a lokacin litar fetur ta haura naira dubu, injin kuma in ya ɗauki kaya irin wannan yana shan fiye da lita a awa.

Na sakar mata, amma na ce sai mai maɓallan murɗawa zalla, babu allon taɓawa, babu agogon lantarki. Allon taɓawa yana da ƙwaƙwalwa a bayansa, kuma ita ce ta farko da ke mutuwa in wuta ta dawo da ƙarfi. Agogon kuma yana da wani hali mai ban haushi: da yawa daga cikin irin waɗannan oben, in an ɗauke wuta aka dawo, agogon zai dinga ƙiftawa, oben ɗin kuma ba zai yi zafi ba sai an sake saita lokaci. A ƙasar da aka ƙera shi sau ɗaya a shekara ne wannan zai faru, a nan kuwa sau uku kafin la'asar. Wanda muka saya ɗan Turkiyya ne, kamar murhun, cikinsa lita 70, lambar da ke bakin ƙofarsa ta ce wat 2,800.

Dutse da katako

Da kaya suka iso, abin da na fara nema shi ne ɗan littafin da ke cikin kowane kwali, shafin da aka zana awo. Na murhu ya ce a yanke rami santimita 83 da 48. Mai giranait ya riga ya auna saman murhun da tef ɗinsa, ya samu 86 da 51 (ko da yake mai 90 ake ce masa), ya ja layi da alli a haka. Da ya yanka, da murhun ya zurma ciki gaba ɗaya, domin wannan 'yar tazara ta santimita ɗaya da rabi a kowane gefe ita ce kafaɗar da yake zama a kai. Wannan dai an tare shi.

Matsalar da ba ta taruwa ita ce kankaren. Maƙallan da ke riƙe murhu ta ƙasa an yi su ne don dakali mai kaurin santimita uku zuwa huɗu. Namu, kankare da giranait, ya kai goma sha biyu, ga rodi a ciki. Mai giranait ya ce a huda kawai, a zaunar da murhun a bi gefensa da gam, ko ma a ɗan shafa siminti ya kama da kyau. Na ƙi. Murhu abin gyara ne, watarana tsinken ƙyasta wuta zai mutu ko famfon gas ya fara tauri, dole a ciro shi, kuma wanda aka binne da siminti sai dai a fasa. Ƙarshenta aka rushe kimanin mita ɗaya na dakalin, mai walda ya yi firam na ƙarfe mai kwana, aka ɗora sabon giranait a kai. Na roƙi mai yankan ya fara huda kusurwoyi huɗun da abin huji kafin ya sa giranda, domin kusurwa mai kaifi nan dutse yake fara tsagewa. Kwana biyu gidan yana cikin ƙura, Yaya tana girki a tsakar gida tana harara ta.

Tunda an riga an rushe, muka matsar da wurin murhun daga ƙarƙashin taga, inda tsohuwar kukar take. Taga tana kawo iska kan wuta, ga labule. Mazuƙar hayaƙi aka ɗaga ta santimita 75 daga kan murhu, aka huda bango bututunta ya fita waje, domin wadda ke tace hayaƙi ta mayar da shi ɗaki ba za ta iya da suyar manja ba.

Oben ɗin kuma ya ƙi shiga raminsa. Littafi ya ce faɗin ciki santimita 56, kafinta ya yi kabinet mai faɗin 60 daidai, amma ya bi bakinsa da firam na katako don ƙarin ƙwari, ramin ya koma 54. Cire firam ɗin aikin awa guda ne. Inda muka daɗe shi ne bayan kabinet ɗin, wanda ya rufe ruf da falanki. Oben na jikin kabinet yana da wata fanka ta biyu da ba a gani, aikinta sanyaya jikinsa da katakon da ke kewaye da shi, kuma sai ta samu inda za ta ja iska. In an toshe, zafi yana taruwa, fatar da aka manna a bakin katako ta fara ɗagowa, abin kariyar zafi ya dinga katse oben ɗin ana tsakiyar gashi.

"Yallaɓai, ni duk kicin ɗin da na yi haka nake rufewa," in ji kafintan. "In na bar baya a buɗe, wata biyu ɓera ya tare a ciki, ya ci wayar, kuma ni za a kira."

Gaskiya ya faɗa, kuma wanda ya rubuta littafin bai san ɓeran Kano ba. Muka yanke falankin bayan oben, muka buɗe mashigar iska a ƙasan kabinet da mafita a samansa, kowace muka rufe ta da ragar ƙarfe mai ƙananan ido. Shawarar ragar tasa ce. Barin oben ɗin a dogon kabinet maimakon ƙarƙashin murhu shi ma ya yi mana rana: ya yi nesa da hannun yara, ya yi nesa da ruwan wankin ƙasa da ke kumbura katako, sannan babu zancen tiyon gas ya taɓa jikin oben mai zafi.

Kwana huɗun da ba na nan

Aiki ya kai ni Kaduna. Na bar saƙo cewa mai wayarin da mai gas su jira ni, amma azumi ya matso, Yaya ta gaji da tsakar gida, maigidan kuma ya ga abin da ya rage ai jone-jone ne kawai. Ranar da na dawo ta kira ni tun kafin na sauke jaka.

"Auta, zo ka ga abin da ka sa muka saya."

Ta kunna babban kan. Wuta ta tashi ja da rawaya, tsawon tafin hannu, tana lasar gefen tukunya har kusa da murfi. Gindin tukwanenta duk ya yi baƙi kamar an ɗora a kan itace, ta ce idonta yana yaji in ta daɗe a ciki, kanta yana sarawa. Mai gas ya ce mata sabo ne, zai daidaita. Sannan ta ce in taɓa ƙofar oben ba takalmi. Na taɓa, na ji ɗan cizo a yatsa.

Na leƙa ƙarƙashin murhun da fitilar waya. Takardar da ke manne a cikinsa ta ce G20, milibar 20. Wannan ita ce alamar gas ɗin bututu, wanda ake ja wa gidaje a Turkiyya da Turai kamar ruwan famfo. Mu ba mu da shi a gidaje. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 ma tashoshin wuta da masana'antu aka fi nufa da shi. Na silinda wani gas ne daban, ana ba shi a matsin milibar 28 zuwa 30, kuma zafin da ke cikinsa ya ninka na bututu sau biyu da rabi zuwa uku a ma'auni ɗaya. Saboda haka ƙofar da zai fito ta ciki, wato nozul ɗin da ke tsakiyar kowane kai, dole ta fi ƙanƙanta. In aka tura gas ɗin silinda ta nozul ɗin gas ɗin bututu, gas ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, ba ya ƙonewa duka. Baƙin tukunya ƙaramin abu ne a cikin illarsa. Babbar ita ce iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, irin wadda ke kashe masu kwana da gawayi ko janareto a ɗaki. Ciwon kan nan nata ba na gajiya ba ne.

Kamfani yakan sako nozul ɗin silinda a 'yar leda tare da littafi. Aka shiga nema. Kwalin yara sun mayar da shi mota, ledar kuma sai a sito aka same ta cikin buhun da aka tara don masu gwangwan. Guda biyar ne, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar masara, kowanne da lamba a goshinsa: 50 na ƙaramin kai, 65 guda biyu na matsakaita, 85 na babba, sai na babban kan gefe. Lambar faɗin hujin ce, 50 na nufin rabin milimita. Waɗanda na kwance da sifana mai lamba 7 kuwa 72 ne da 97 da 115 zuwa sama. Bayan canji akwai sauran aiki ɗaya da ake yawan mantawa: a zare kowane maɓalli, a sa siririn sukundireba a ɗaure ɗan sukurun da ke daidaita ƙaramar wuta, in ba haka ba ko an rage ta ƙarshe za ta ci gaba da ƙona miya. Minti arba'in duka aikin. Da na ƙyasta, wuta ta fito shuɗiya, gajeriya, tana huci a hankali. Yaya ta daɗe tana kallonta ba ta ce komai ba.

Silindar kuma a cikin kabinet ɗin da ke ƙarƙashin murhu na same ta, ƙofa a rufe, tiyo an ɗaure shi da murɗaɗɗiyar waya, soket ɗin ƙyasta wuta yana gefenta taƙi ɗaya. Da na kira mai gas ɗin ya ce, "Oga, ko'ina haka muke sawa, matan ba sa son ganin silinda a fili." Na san haka ne. Amma gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ba ya tashi sama ya bi taga, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, kuma rufaffen kabinet kwano ne. Tartsatsi ɗaya ya isa. Muka fitar da silindu biyun bayan kicin, cikin kejin ƙarfe mai rufi a inuwa, aka ja bututun jan ƙarfe ta bango, aka sa famfon datsewa a ciki inda hannu zai kai ba sai an fita ba. Na duba regileta na tabbatar mai ƙaramin matsi ce, ba irin ta masu suyar ƙosai da ake murɗawa a ƙara ƙarfi ba. Kowace mahaɗa muka shafa mata ruwan sabulu muka zuba ido. Ɗaya ta yi kumfa, aka sake ɗaure ta.

Saura cizon ƙofa. Mai wayarin ya sa wa oben filogi ya cusa a soket ɗin da firiza take, layin da firji da butar lantarki su ma suke kai. A takarda bai yi laifi sosai ba: wat 2,800 a wuta mai bolt 230 amfiya 12 ne da ɗan ɗori, filogi mai ƙafa uku kuma 13 yake ɗauka. Sai dai wannan gab da baki ne, na awa guda ko biyu ba tsayawa, a soket mai araha, tare da wasu kaya a layi ɗaya. Cikin kwana huɗu fuskar soket ɗin ta fara yin ruwan ƙasa. Da na kwance shi kuma, ƙafar at, wato ta ukun da ake haɗawa da ƙasa, babu waya a jikinta sam, haka duk soket ɗin kicin. Wanda ya yi wayarin gidan tun farko waya biyu ya ja. Elemen na oben yakan ɗan zubar da wuta kaɗan zuwa jikin ƙarfe, musamman sabo ko wanda ya sha danshi, kuma wayar at ce ke kwashe ta zuwa ƙasa. In babu ita, mai tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen tayil shi ne hanyar.

Muka ja sabon layi daga akwatin rabon wuta, waya mai lamba 4, guda uku, da birekarsa mai amfiya 20 shi kaɗai, da makunni mai katse waya biyu a bango gefen kabinet, ba a bayan oben ba. Aka kafa sandar at a bayan gida kusa da magudanar ruwa inda ƙasa ba ta bushewa ƙarau da rani, aka ƙara na'urar da ke katse wuta in ta fara bi ta jikin mutum, mai miliamfiya 30, da wata mai katsewa in wuta ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ta kuma ɗan jira kafin ta mayar. Layin oben ɗin na tabbatar bai bi ta inbata ba. Batir biyu ba za su yi minti nawa a hannunsa ba.

An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a nan kowane hannu ya yi abin da ya saba yi wa kuka mai tsayuwa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kuma babu macuci a cikinsu. Laifin da na ɗora wa kaina shi ne na bar littattafan a cikin kwali maimakon in zauna da kowannensu a kan shafin da ya shafe shi. Kuɗin da aka kashe a rushe dakali, da sabon giranait, da gyaran kabinet, da sake wayarin, ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kayan kansu. Wayarin da bututun gas dole ne ko ta yaya. Na kabinet kuwa asara ce tsagwaronta, da an sayi oben kafin a kira kafinta da ba a yi ta ba.

Bayan an gama

Mun ɓare ledojin jikin oben, muka kunna shi wayam a zafi mafi girma na kusan awa guda, tagogi a buɗe, har warin sabunta ya fita. Na rataya ƙaramin ma'aunin zafi a ciki: in an murɗa 180 yana tsayawa wajen 175, abin da ba ya hana komai. Kek ɗin farko ya yi duhu da wuri, domin ta yi amfani da zafin da ta saba. Mai fanka ana rage masa kamar digiri 20. Na biyu ya fito samansa da ƙasansa launi ɗaya. Farantin yashi ya koma wa masu wasan ƙasa.

Abin da ba mu magance ba shi ne raunin wuta. Wasu darare takan sauka zuwa bolt 180, kuma zafin elemen ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi haka faɗuwa: a 180 kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa kawai yake bayarwa. Oben ya daɗe bai kai zafi ba, kek ya ƙi tashi. Yanzu akwai 'yar mita mai nuna ƙarfin wuta a bangon kicin, in ta ga ƙasa da 200 ba ta fasa ƙwai. A makon ƙarshe na azumin 2025, da aikin kek ɗin sallah ya taru, sau biyu aka tayar da janareto, aka kashe firiza da famfon tura ruwa don ya iya ɗauka, yana gurnani. Ta ce ribar waɗannan ranakun gidan mai ta tafi. Har yanzu in mun haɗu nakan ce da na gas ne da ba haka ba, ita kuma ta ce da na gas ne da ba a kawo aikin ba tun farko. Nozul ɗin gas ɗin bututu da littattafan biyu suna cikin leda, na manne su da salatif a cikin ƙofar kabinet.

Tuwo kuwa sau uku aka tuƙa shi a sabon murhu. Dakalin santimita 90 ne daga ƙasa, ga matokari, ga tsayin tukunya, bakinta ya kai ƙirjin Yaya. Tuƙi yana son mutum ya fi tukunya tsayi, ya danna muciya da nauyin jikinsa, ya tokare gindin da ƙafa ko tsumma. Ta gwada hawa kujera, ta ga abin ba na yi ba ne. Ta sa aka sayo mata murhun gas mai kai ɗaya na ƙasa, aka ajiye a rumfar tsakar gida.

Ranar sallah Inna ta zo, aka zagaya da ita kicin ɗin, ta shafa dutsen, ta leƙa gilashin oben, ta yi addu'a. Da magariba ta ga Yaya a tsugune a rumfa tana tuƙi.

"Duk wannan kuɗi da aka narkar, tuwon dai yana tsakar gida?"

"Yana nan, Inna," in ji Yaya, ba ta ɗago ba. "Miyar ce ta koma ciki."